Tiyatar sauya gwiwa: Abin da dattawan Argungu ke aunawa kafin su yarda a sa musu ƙarfe

Duk wanda ya saba sallar jam'i a Argungu ya san kujerun robar da ake jinginewa a gefen sahu. Masu su sanannu ne. Akwai tsohon masuncin da ya yi shekaru yana faɗawa ruwan Matan Fada da homa da gora, akwai manomin shinkafar da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a duƙe cikin fadama, akwai malamin makarantar da ya yi ritaya. Suna shigowa dogare da sanda, su yi kabbara a tsaye, idan liman ya tafi sujada su zauna su sunkuyar da kai.

A cikin gidaje akwai takwarorinsu mata, waɗanda ba a cika gani ba. Sun ma fi mazan yawa. Inna da a da take tsugune a gaban murhu tun asuba, yanzu sai jika ya kama hannunta kafin ta miƙe daga kan tabarma.

A gida ana kiran ciwon sanyin ƙashi, wasu su ce tsufa ne kawai. A asibiti sunansa amosanin gaɓɓai. Idan ya kai ƙarshe, likitan ƙashi kan ɗaga hoton gwiwar ya nuna wa iyali inda ƙashi ke gogar ƙashi, sannan ya faɗi maganar da ke sa ɗaki ya yi tsit: magani ya gama nasa, saura tiyata a sauya gaɓar.

Daga wannan rana zuwa ranar da za a ce e ko a'a, wasu iyalan kan ɗauki wata guda, wasu shekara biyar. Da yawa ba sa yanke shawarar kwata-kwata, sai su bari lokaci ya yanke musu.

Abin da ke faruwa a cikin gwiwar

A ƙarshen kowane ƙashi da ke haɗuwa da ɗan'uwansa akwai guringuntsi mai santsi, irin wanda ake gani a ƙashin rago. Shi ke sa gaɓa ta motsa ba tare da gogayya ba. A amosanin gaɓɓai wannan guringuntsin ne ke zaizayewa a hankali har ya ƙare, kuma idan ya ƙare ba ya sake tsirowa. Babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da aka tabbatar yana mayar da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da cutar a faɗin duniya. Kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55, kashi 60 cikin 100 mata ne, kuma gwiwa ce gaɓar da ta fi kamuwa, da mutum miliyan 365.

Shekaru, ƙiba, tsohon rauni da gado duk suna da hannu. Haka ma aikin da ke sa mutum yawan tsuguno da durƙuso da ɗaukar kaya masu nauyi, kuma a kwarin Rima kusan duk sana'ar da ake ci da ita haka take. Dashen shinkafa a duƙe ake yin sa cikin taɓo. Buhu a ka ko a kafaɗa ake fito da shi daga fadama. Mai su yana yini yana jan ƙafa cikin laka. Mace kuwa tsakanin daka, wanki, girki da goyo, da wuya ta yi awa guda ba ta lanƙwasa gwiwa ba.

Shekarun kemis

Kafin dattijo ya ga likitan ƙashi, yawanci ya riga ya yi doguwar tafiya. An shafa man kaɗanya, an gasa da ruwan zafi, wanzami ya yi ƙaho, wani lokaci har tsaga ko sakiya a kan gwiwar. Daga nan sai kemis.

A nan ne haɗarin da ba a cika magana a kai ba yake. Magungunan da ke kwantar da wannan ciwo, irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, suna aiki, shi ya sa ake komawa. Amma shan su kullum na tsawon watanni da shekaru, musamman ga tsoho, yana jawo gyambon ciki da zubar jini a ciki, yana ta da hawan jini, yana kuma lalata ƙoda ba tare da mutum ya ji komai ba sai abin ya yi nisa. Wasu masu kemis kan ƙulla haɗin ƙwayoyi a leda, ciki har da dexamethasone ko prednisolone. Kwana biyu mutum ya ji kamar an cire masa ƙaya. Idan ya ɗore a kai, fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashin da ake son ceta ya ƙara rauni.

Saboda haka iyalin da suka ce a bar Baba da ƙwayoyinsa domin tiyata na da haɗari, su ma wani haɗarin suka zaɓa, sai dai nasu ba shi da ranar da aka sa masa.

Wannan ba ya nufin duk mai ciwon gwiwa tiyata yake buƙata. Mafi yawa ba sa buƙata. Abin da likitoci ke farawa da shi shi ne motsa jiki don ƙarfafa naman cinya, rage nauyi, maganin shafawa maimakon na haɗiya, da sanda, wadda ake riƙewa a hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar mai ciwo. Bincike ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Allurar da ake yi a cikin gaɓa kan ba da sauƙi na makonni ko 'yan watanni.

Ana fara maganar tiyata ne idan duk waɗannan sun gaza: ciwo yana tayar da mutum daga barci, zuwa masallacin ƙofar gida ya zama aiki, ƙafa ta fara lanƙwashewa kamar baka. Hoton ƙashi kaɗai ba ya yanke hukunci. Akwai wanda hotonsa ya munana amma yana zuwa gonarsa, akwai wanda nasa bai kai haka ba amma ya kasa fita tsakar gida.

Me ake nufi da sa ƙarfe?

Kalmar "sauya gwiwa" tana tsorata mutane, don wasu na zaton yanke ƙafar ake yi a haɗa da ta roba. Abin da ake yi shi ne a kankare saman ƙasusuwan da suka lalace, a lulluɓe ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙauri da ƙarfe, a sa wata roba mai tauri a tsakani ta maye gurbin guringuntsi. A kwankwaso kuma ana cire kan ƙashin cinya mai kama da ƙwallo, a sa na ƙarfe ko na tangaran, a gyara masa mazauni a ƙugu.

Aikin ba sabo ba ne. Wani likita ɗan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita tsarin sauya kwankwaso da ake bi har yau, a asibitin Wrightington a 1962, bayan robar da ya fara gwadawa ta riƙa cinyewa a jikin marasa lafiya. Na gwiwa ya kankama a shekarun 1970.

Tiyatar kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu. Galibi allura ake yi a baya ta kashe rabin jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, mutum na numfashi da kansa. Wannan bayani kaɗai ya kan kwantar da hankalin tsofaffi da yawa, domin babban tsoronsu shi ne a sa su barcin da ba za su farka ba. A ranar ko washegari ake tayar da mutum ya fara taku da ƙarfen dogarawa.

Ƙarfen yana daɗewa fiye da yadda ake zato. Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2019, wanda ya tattara bayanan dubban marasa lafiya, ya gano kusan kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya suna aiki bayan shekara 25, na kwankwaso kuma kusan kashi 58. Ga mai shekara 68 ko 70, wannan na nufin da wuya ya sake buƙatar wata tiyatar.

Akwai kuma gefen da ya kamata a faɗa wa iyali ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Kusan mutum ɗaya cikin biyar da aka sauya wa gwiwa kan ci gaba da jin wani ciwo ko rashin gamsuwa. Masu kwankwaso sun fi dacewa. Mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari ƙwayoyin cuta kan shiga wurin ƙarfen, kuma idan hakan ta faru magani na da wuya da tsada, wani lokaci sai an cire ƙarfen an sake. Jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa, shi ya sa ake ba da maganin tsinka jini kuma ake matsa wa mutum ya tashi da wuri.

Tambayar sujada

A Turai, inda aka ƙirƙiro wannan tiyata, rayuwa a kan kujera take. A kujera ake ci, a kujera ake hira, ban-ɗaki ma na zama ne. Idan gwiwa ta lanƙwasa daidai zaman kujera da hawa bene, an gama.

A Argungu rayuwa a ƙasa take. A tabarma ake cin tuwo, a ƙasa ake zaman makoki da ɗaurin aure, a ƙasa ake zama gaban malami, a ƙasa ake gaisuwa a fadar Sarkin Kabi. Alwala a tsugune, masai na tsuguno. Sama da duka akwai sallah, sau biyar a yini.

Shi ya sa tambayar farko da dattijo kan yi wa likita, kafin ma ta kuɗi, ita ce ko zai koma yin sujada da zaman tahiya kamar da. Amsar gaskiya ba ta da daɗin ji. Gwiwar da aka sauya yawanci tana lanƙwasawa zuwa digiri 110 ko 120. Zama a kan dugadugai irin na tahiya yana buƙatar digiri 150 ko fiye. Wasu kan samu su kai goshi ƙasa da dabara, musamman waɗanda gwiwarsu ba ta riga ta sandare ba kafin tiyata, amma da yawa za su ci gaba da sallah a kujera. Mai sabon kwankwaso ma ana hana shi tsuguno da zaman ƙasa a makonnin farko, don kada ƙwallon ya goce daga mazauninsa.

A nan ne ake yawan samun saɓani tsakanin likita da mara lafiya. Likita na ganin aiki ya yi kyau: ciwo ya tafi, ƙafa ta miƙe, mutum na tafiya kasuwa. Dattijo na ganin an karɓi miliyoyi amma har yanzu yana kan kujerar roba a gefen sahu. Dukansu gaskiya suke faɗa. Matsalar ita ce ba a yi wannan magana tun kafin a shiga ɗakin tiyata ba.

Ta fuskar addini hanya a buɗe take. Hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari ya nuna mara lafiya yana sallah a tsaye, idan ya kasa ya yi a zaune, idan ya kasa ya yi a kishingiɗe. Malamai sun yi bayani cewa wanda zai iya tsayuwa amma ba zai iya sujada ba, ya tsaya a wurin tsayuwa, ya zauna ya yi nuni a wurin sujada. Game da sa ƙarfe a jiki kuwa, sukan kafa hujja da labarin sahabi Arfaja bin As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi kafin Musulunci, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinare.

Dattawan sun san waɗannan hukunce-hukunce, wasunsu ma su ke karantar da su. Abin da ke damun su daban ne. Mutumin da ya shekara sittin yana kai goshinsa ƙasa ba ya jin sallar kujera ta cika masa zuciya, ko da ya san ta inganta. Idan tiyata ba za ta mayar masa da wannan ba, sai ya ga ribarta ta ragu da rabi.

Amma lissafin yana da wani gefe. Wanda ciwonsa ya yi tsanani ya riga ya rasa sujadar, tiyata ba ta ƙwace masa komai ba. Abin da za ta iya ba shi shi ne barcin dare, tafiya masallaci da ƙafarsa, zuwa ban-ɗaki ba tare da an riƙe shi ba. Ga tsohuwar da ta kai matsayin da surukarta ke kai mata fo cikin ɗaki, wannan na ƙarshen ya fi komai nauyi, ko da kunya ba za ta bari ta faɗa a gaban 'ya'yanta maza ba.

Kuɗi da nisa

Mai ciwon gwiwa a Gulma ko Augie ko Kangiwa yakan fara da babban asibitin Argungu. Daga nan a tura shi Birnin Kebbi, tafiyar kimanin kilomita 50, inda Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya suke. Wasu kan nufi Sakkwato, kimanin kilomita 100, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙashi na Wamakko. Sunan da ya fi fitowa idan ana maganar sauya gaɓa a Arewa shi ne Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka kafa a 1959. Daga Argungu zuwa Kano yini guda ne a mota, ga mutumin da zaman awa ɗaya ke sandarar masa da ƙafa.

Kuɗin aikin miliyoyin naira ne a kan gwiwa ɗaya, kuma da yawa gwiwa biyu ke ciwo. Babban kaso na kuɗin na ƙarfen ne, wanda daga waje ake shigo da shi da dala. Kafin watan Yunin 2023 dala na kusan naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura naira 1,500. Iyalin da aka yi wa lissafi a 2022 suka ce bari su tara, da suka dawo sun tarar kuɗin ya gudu ya bar su. A 2024 mafi ƙarancin albashi a Jihar Kebbi ya koma naira 75,000, kuma mafi yawan tsofaffin karkara ba su da fansho.

A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma tanadi asusu don masu rauni, ciki har da tsofaffi. Jihar Kebbi na da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KECHEMA. Duk wanda ke cikin ɗayan tsare-tsaren, ya kamata ya nemi a rubuta masa ƙarara abin da za a biya masa da wanda zai biya da kansa, musamman kuɗin ƙarfen, tun kafin a sa rana.

Ga sauran jama'a, asusun tiyata shi ne gona, shanu da buhunan shinkafa. Tun bayan da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, shinkafa ta zama babbar hanyar samun kuɗi a yankin. Sai dai kuɗin fadama ba shi da tabbas. Ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa masu yawan gaske a jihar. Manomin da ya ga irin wannan shekara ba ya saurin sayar da abin da ya ajiye.

Akwai kuma kujerar Makka. A 2025 kuɗin aikin Hajji daga yawancin jihohin Arewa ya haura naira miliyan 8. A gidaje da dama kuɗin da aka daɗe ana tarawa don Baba ko Inna su sauke farali shi ne kaɗai kuɗin da zai isa tiyata. Tsoho kan ce a kai shi Makka ko a keken guragu ne, tunda bai san sauran kwanansa ba. 'Ya'ya kan tuna masa ɗawafi, da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa da ya haura kilomita uku, da tafiyar jifa a Mina. Ba likita ke warware wannan ba.

Masu hali kan tafi Masar ko Indiya. Aikin kan yi kyau, amma idan bayan wata uku wurin ya kumbura ko ya fara ruwa, likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa, na gida kuma bai san irin ƙarfen da aka sa ba. Wanda zai fita ya tabbata ya dawo da cikakken rahoton tiyata da sunan kamfani da lambar ƙarfen, ya kuma san likitan da zai riƙa duba shi a gida tun kafin ya hau jirgi.

Wa ke da ta cewa?

A takarda, mara lafiya ne ke sa hannu. A zahiri shawarar ta gida ce. Babban ɗa da ke aiki a Abuja ko Legas, wanda zai biya kaso mafi tsoka, yana son a yi a gama. Ƙanen Baba ya tuna wani da aka yi wa aiki bai tashi ba, ko da ba irin wannan aikin ba ne. 'Ya mace, wadda ta san ita za ta bar gidanta ta yi jinya, tana lissafin makonni. Idan mara lafiyar mace ce, sau da yawa ana gama tattaunawar a zaure kafin a shigo a faɗa mata.

Shi kuma tsohon yakan ɓoye ainihin dalilinsa. Zai ce tsoro yake ji, alhali abin da ke ransa shi ne kada a sayar da gonar gado saboda ƙafar da ta kusa shiga ƙasa. Ko ya ce ya haƙura, alhali yana so, yana dai jiran wani ya nace. Iyalin da suka ɗauki "a bari kawai" ta farko a matsayin amsa ta ƙarshe suna iya kuskure ta kowane ɓangare.

Maganar cewa ya tsufa da tiyata ma tana buƙatar gyara. Ana yi wa masu shekara 80 wannan aiki a duniya. Abin da likitoci ke dubawa shi ne zuciya, ƙoda, yawan jini, hawan jini da suga. Suga da ba a daidaita ba yana ƙara haɗarin shigar ƙwayoyin cuta. Ruɓaɓɓen haƙori, ciwon fitsari ko gyambo a ƙafa dole a magance su tukuna. Sabon tsaga a kan gwiwa na iya sa a ɗage aikin, haka ma allurar cikin gaɓa idan ba ta kai wata uku ba.

Jira kuma yana da farashi. Duk shekarar da mutum ya ƙara a zaune, naman cinya na ƙara narkewa, gaɓa na ƙara sandarewa, ƙafa na ƙara karkacewa. Yadda gwiwa ke lanƙwasawa kafin tiyata shi ne babban abin da ke nuna yadda za ta lanƙwasa bayanta. Dattijon da ya ƙi tiyata a shekara 62 don gudun rasa zaman tahiya, idan ya dawo a 70 damarsa ta samun zaman ta ragu ƙwarai.

Karaya daban ce

Akwai yanayi guda da babu lokacin dogon shawara a cikinsa. Tsohuwa ta zame a bakin rijiya ko a makewayi, ta kasa tashi, ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje. Wannan alamar karayar wuyan ƙashin cinya ce.

Masu ɗori na da kima a ƙasar Hausa, kuma su ne na kusa. Amma wannan karaya tana can cikin ƙugu inda kara da tsumma ba sa kaiwa, kuma idan ƙashin ya goce jini kan daina isa kansa, don haka sau da yawa ba ya haɗewa. Tsohon da aka kwantar watanni ana jiran ɗori ya kama yana fuskantar gyambon kwanciya, ciwon huhu da daskarewar jini, waɗanda su ke kisa. Maganin da aka sani shi ne tiyata cikin kwanaki kaɗan, galibi a sauya kan ƙashin da na ƙarfe domin mutum ya tashi da wuri.

Ba tsofaffi kaɗai ke layin sauya kwankwaso a Najeriya ba. Matasa masu cutar sikila, waɗanda kan ƙashin cinyarsu ke mutuwa saboda toshewar jini, suna da yawa a cikinsa. Nasu lissafin ya fi wuya, domin mai shekara 25 zai iya cinye ƙarfe ɗaya ya buƙaci na biyu.

Bayan an dawo gida

Rabin aikin a ɗakin tiyata ake yin sa, sauran rabin a tsakar gida. Sabuwar gwiwa tana buƙatar gashin ƙashi da atisaye kullum na tsawon makonni shida zuwa wata uku, kuma atisayen yana da zafi. Wanda aka tausaya wa aka bar shi kwance, gwiwar za ta sandare, kuɗin ya tafi a banza. Cikakken sauƙi na iya ɗaukar shekara.

Masu gashin ƙashi sun fi yawa a manyan asibitocin birane. Iyalin da ke ƙauye sai sun yanke tun da wuri ko za a zauna wurin dangi a Birnin Kebbi ko Sakkwato na wasu makonni, ko kuma wani ɗa ko jika zai koyi atisayen a asibiti ya riƙa sa Baba yi safe da yamma, ko da Baba zai yi faɗa.

Gidan ma sai an gyara shi. Katifar ƙasa ba za ta yi ba, sai gado mai tsayi. Masai na tsuguno sai an ɗora masa kujera mai rami, wadda kafinta ko mai walda a cikin gari zai iya haɗawa. Wurin alwala na buƙatar dakali ko kujera, da abin kamawa a bango. Hawa bayan babur, wanda shi ne motar yawancin ƙauyuka, sai likita ya ba da izini. Komawa dashe cikin taɓo ko jan homa a Matan Fada kuwa, yawancin likitoci za su ce a bar wa yara, Baba ya tsaya a kan kunya yana ba da umarni.

Hatta lokacin da za a yi aikin sai an duba kalandar gida. Da damina duk hannun da zai yi jinya yana gona, hanyoyin fadama kuma sun cika da ruwa. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Kebbi kan wuce digiri 40, ga ƙarancin wuta, ga mutum da bandeji a ƙafa. Da azumi tsoho ba ya son a ce ya sha. Abin da ya rage shi ne 'yan watannin bayan girbi, lokacin da shinkafa ta shiga buhu, sanyi ya sauko, kuma ba a riga an shiga aikin noman rani gadan-gadan ba. Iyalin da suka bari wannan tsakanin ya wuce suna jiran ƙanen Baba ya sauko daga ra'ayinsa, yawanci sai baɗi.